Me ya sa waƙoƙin Brothers and Sisters suka gajarta?

Ɗan'uwa, ka ce ka saba da dogon kiɗan Allman Brothers Band, ƙungiyar makaɗan Amurka, sai ka ji waƙoƙin faifansu Brothers and Sisters gajeru. Haka aikin sutudiyo yake. A zamaninsu, a gaban 'yan kallo suke sakin jiki su ja waƙa ɗaya minti 20.

Duane Allman, makaɗin jitar ƙungiyar, ya rasu a haɗarin babur a 1971, Berry Oakley, mai kaɗa musu jitar bes, ya bi shi a 1972, ana tsaka da naɗar faifan a Macon, jihar Jojiya ta Amurka. Faifan ya fito a 1973, Dickey Betts na riƙe da jita. Kada ka nemi hannun Duane a ciki, babu shi. Fara da waƙar "Jessica", ni ita ta kama ni.

In tsohon faifan garmaho za ka saya, sa wanda ya san harkar ya duba maka karce.