Tafiya da fistol a mota a Amurka ba tare da lasisin ɗauka ba

Malam, ka tambaya ko za ka iya tafiya da fistol ɗinka daga Pennsylvania zuwa wata jiha alhali ba ka da lasisin yawo da shi. Za ka iya, amma da sharuɗɗa. Dokar tarayya ta 1986, sashe na 926A, ta ba ka kariya matuƙar doka ta halatta maka riƙe bindigar a inda ka taso da kuma inda za ka sauka.

Ka cire harsashi duka, har da wanda ke cikin bakin bindigar, domin nan ake yawan mantuwa. Bindiga da harsashi su shiga but, inda hannu ba zai kai ba daga kujera. In motar ba ta da but na daban, sai akwati mai makulli. Aljihun gaban mota da akwatin tsakanin kujeru ba su shiga lissafi ba ko da kuwa suna kullewa.

Inda ake faɗawa matsala shi ne tsayawa. Shan mai da cin abinci ba laifi, amma kwana a otal a New Jersey ko New York na iya fitar da kai daga kariyar, kuma 'yan sandan can sukan kama mutum, sai a kotu ya kare kansa. Jihohin nan biyu sun kuma haramta gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10.