Yaranmu da yaren Irish

Yaya salamu alaikum, naga tambayar ka wai me zai sa mu bar yara suna ɓata lokaci kan wani yare a Ireland bayan kowa Turanci yake yi. Toh gaskiya ne Turanci zaka ji a titin Dublin, amma Irish shine yaren ƙasa na farko a tsarin mulkinsu kuma dole ne a makaranta tun firamare, yaron da aka haifa anan sai ya yi shi. Mu Hausawan nan bama jayayya da hakan, wasu ma da gangan suke kai yara makarantun da komai har lissafi da Irish ake koyarwa, Gaelscoil suke ce musu.

Sai ka san irin wahalar da aka sha akan yaren nan zaka gane. Akwai wani marubucinsu Máirtín Ó Cadhain, an haife shi 1906 a ƙauye kusa da An Spidéal yankin Galway, ɗan talakawa manoma ne, da Irish ya buɗe baki. Malamin firamare ne aka sallame shi 1936 saboda yana cikin IRA, wato ƙungiyar ƴan gwagwarmaya masu ɗauke da makamai da ke neman Birtaniya ta fita daga Ireland gaba ɗaya, lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnatinsu ta tsare shi shekaru a sansanin Curragh, acan ɗin ma bai zauna haka ba yana ta koyawa ƴan uwansa fursunoni yaren. Littafinsa Cré na Cille ya fito 1949, kaf ɗinsa matattu ne a maƙabarta suna gulma da gori kan gona da gado da wanda aka binne a wuri mai tsada, kamar dai kishiyoyi a tsakar gida, wallahi maganar mutanen ƙauyensa ya kwaso.

Abinda yafi burge ni, 1956 ya fara koyarwa a jami'ar Trinity har ya zama farfesa 1969, amma kujera bata sa yayi shiru ba, yana ta caccakar gwamnati cewa yaren a takarda kawai ake girmama shi alhali masu yin sa talauci na korar su Ingila da Amurka. Ya rasu 1970, 1972 aka buɗe wa masu yin Irish rediyon kansu.

Shiyasa mu anan tsarin namu shine yaro yayi Irish ɗinsa a makaranta, asabar islamiyya, a gida kuma Hausa zalla. Idan kun kira su a waya dan Allah ku daina juya musu zuwa Turanci, suna ji sarai, ku gayawa su Inna ma.