Amsa kan taurin kashin jariri

'Yar uwa, kin ce ɗanki mai wata 7 kashinsa ya yi tauri, yana yunƙuri da kuka tun da kika fara ba shi kunu. Hakan na yawan faruwa a farkon fara abinci. Ki ƙara ba shi nono, da 'yan kurɓin tafasasshen ruwa da ya huce. Nunanniyar gwanda ma tana taimakawa sosai, ki murje ta ki ba shi cokali 2 ko 3. Bayan wanka ki shafa cikinsa a hankali, kina lanƙwasa ƙafafunsa zuwa ciki.

Don Allah banda zuma sai ya cika shekara 1, banda tura sabulu a dubura, ko da manya ne suka ce. In cikin ya kumbura, ko yana amai, ko kin ga jini, ki kai shi asibiti a ranar.