Barewa Ta Tsallaka Iyaka Da Rauni: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan magana ɗaya: maharbi ya sami barewa a filin da yake da izinin farauta, ba ta faɗi nan take ba, ta ja jiki ta shiga filin wani. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, mun amsa su tare.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni na harbe ta, jininta ne a ƙasa, kuma a filin da aka ba ni izini na yi harbin. Me zai hana in tsallaka in ɗauko abina?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Haƙƙi biyu ne suka haɗu a nan, kuma ɗaya ba ya share ɗaya. Akwai haƙƙin dabbar a kanka, kada ka bar ta tana wahala ko namanta ya ruɓe a banza. Akwai kuma haƙƙin mai fili, kada a taka masa ƙasa ba da saninsa ba. Jinin da ke ƙasa shaida ne cewa kai ka yi harbin, amma ba takardar izini ba ne.

Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A yawancin jihohin Amurka, irin su Texas da Wisconsin, sai mai fili ya yarda kafin ka shiga, ko da kana hango barewar a kwance taku ashirin daga wayar shinge. Jihar Iowa ta sassauta: wanda ya raunata dabba ta hanyar da doka ta yarda yana iya bin ta cikin filin wani, muddin ba ya ɗauke da makami. A Minnesota ana iya shiga da ƙafa a ɗauko, idan filin ba a kafa masa alamar hana shiga ba, kuma da an ɗauko sai a fita. A Jamus, sashe na 22a na dokar farauta ta tarayya ya ce ba a bin dabba mai rauni zuwa yankin farautar wani sai akwai rubutacciyar yarjejeniya da mai yankin, sannan jihohi su ƙara nasu bayani. Don haka ka karanta littafin dokokin farauta na wurin da kake, na shekarar da kake ciki, domin ana sauya su.

Ka kuma lura cewa alamar hana shiga ba lallai ta zama allo mai rubutu ba. A jihohi da dama, ciki har da Texas da Missouri, zanen fenti mai launin shunayya a jikin bishiya ko turken shinge daidai yake da allon a idon doka. Mu dai ra'ayinmu, ko inda doka ta ba ka dama, ka kira mai filin tukuna. Doka tana iya fitar da kai daga tara, amma ba za ta gyara maka zama da maƙwabci ba.

TAMBAYA: An ce mini bin ta da wuri ne ke sa ta yi nisa. Ashe ba gara a bi da sauri ba, tun jinin bai bushe ba?

AMSA: Wanda ya faɗa maka ya san aikin. Barewa da yawa da ke mutuwa a filin maƙwabci, maharbin ne ya kora su can da ƙafarsa. Dabbar da ta ji rauni mai tsanani, in ba ta ji ana bin ta ba, takan nemi duhuwa mafi kusa ta kwanta, kuma sau da yawa a wannan makwancin na farko take ƙarasawa. In ka tashe ta, tsoro ya ba ta sabon ƙarfi, jinin da ya fara daskarewa a bakin raunin ya toshe shi, sai ta yi tafiya mai nisa ba ta ɗiga komai a ƙasa. Ka rasa jini, ka rasa sawu, ga iyaka an tsallake.

Da ka yi harbi, kada ka motsa. Ka riƙe wurare biyu a idonka, inda take tsaye lokacin da aka same ta da inda ka yi mata ganin ƙarshe, ka danganta kowanne da wata bishiya ko dutse da ba za ka ɓata ba. Ka saurara ko za ka ji faɗuwarta. Ka duba agogo. Bayan kamar minti 30 ka je wurin harbin a hankali, ka karanta abin da ta bari.

Jini mai haske, ruwan hoda, da ƙananan kumfa a ciki, daga huhu yake. In huhun biyu aka fasa, da wuya ta wuce mita 100 zuwa 150, kuma jiran minti 30 zuwa awa ɗaya ya wadatar. Jini ja mai duhu, mai kauri, yawanci na hanta ne. Wannan harbin yana kashewa, amma ba da sauri ba, don haka ka ba ta awa 4 aƙalla, 6 ya fi. In kuwa ka ga ruwa kore ko ruwan ƙasa haɗe da guntayen ciyawa, ga wari, kuma ka ga ta tafi a hankali da ƙusumbi a baya, to tumbi ko hanji aka samu. A nan ne haƙuri ya fi wuya kuma ya fi amfani: ka ja da baya shiru, ta hanyar da ba ta bi ba, ka jira awa 8 zuwa 12. Irin wannan barewa takan kwanta ba da nisa ba, wani lokaci kusa da ruwa, saboda ƙishirwa na damun ta. Mai kibiya yana da sauƙi a nan, domin kibiyar da ta ratsa ta faɗi tana ɗauke da labarin duka, launi da wari da gashi. Farin gashi da kitse a jikinta alama ce cewa harbin ya yi ƙasa, ya shafi ciki ko ƙirji. Guntun ƙashi mai kauri kuma na ƙafa ne.

Jan jini mai yawa da farko, wanda ya rage ya koma ɗigo-ɗigo bayan mita 200, sau da yawa tsoka ce kawai aka yanka, kuma irin wannan dabbar tana iya warkewa.

Abu biyu ne kan sa a rage jira. Na farko ruwan sama ko dusar ƙanƙara da za su wanke jinin. Na biyu zafi, domin ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a nama da zarar ya zauna sama da digiri 4 na ma'aunin Salsiyas, kuma harbin tumbi ya fi saurin ɓata shi. Ko a nan ma, ga harbin tumbi mun fi son a jira a nemo kare mai bin jini, da a tashe ta a yi asararta gaba ɗaya.

Wajen bin, ka yi tafiya a gefen jinin, kada ka taka shi. Ka riƙa ɗaura ƙyalle ko takarda a reshe kowane mita 10 zuwa 15, domin in ka waiwaya za ka ga layin da take bi. Ka duba ganye da ciyawa a tsayin gwiwa zuwa ƙugu, ba ƙasa kaɗai ba. Ɗigon da kake shakka, ka fesa masa ruwan haidurojin na wanke ciwo, in jini ne zai yi kumfa. Mutum biyu sun isa, ɗaya ya tsaya a jinin ƙarshe, ɗaya ya nemi na gaba.

TAMBAYA: To na bi har bakin shinge, jinin ya wuce ciki. Me zan yi a daidai wannan lokacin?

AMSA: Ka tsaya a ɓangarenka. Ka ɗaura alama a jinin ƙarshe, ka ɗauki hotonsa tare da shingen, ka ajiye wurin a taswirar wayarka, ka rubuta lokaci. Sannan ka nemi mai filin. In kana da lambarsa ka kira, in babu ka je ƙofar gidansa ta hanyar da baƙi ke bi, ka bar bindiga ko baka a mota a rufe, ka cire abin rufe fuska.

Maganar ta zama gajera kuma gaskiya: sunanka, filin wa kake farauta, ƙarfe nawa ka yi harbi, irin jinin da ka gani, inda ta tsallaka, ku nawa ne za ku shiga. Ka nuna masa hoton. Ka ce in yana so ya raka ku, domin mutane da yawa da za su ce a'a sukan ce to in sun ga da su za a tafi, kuma ya fi ka sanin kwazazzabai da duhuwoyin filinsa. Ka tambaye shi kai tsaye ko ya yarda ka shiga da makami don ƙarasa ta in tana da rai. In ya ce ba makami, ba makami. Izinin baki yana da kyau, amma ka roƙe shi ya turo maka saƙo a waya ko da kalma biyu ne, saboda ɗansa ko mai hayar filin na iya tarar da kai a ciki.

Wani abu da ake yawan mantawa: wataƙila shi ma yana farauta a wannan safiyar, ko ya ba wasu haya. Shiga a lokacin ya ɓata musu zama, kuma haɗari ne ga ranka. In ya ce ka jira sai tsakar rana, ka jira. Da dare kuwa kada ka kuskura ka shiga da tocila ba tare da ya sani ba, domin mai gida da ya hango haske yana yawo a bayan gidansa ba barewa zai fara tunani ba. In dare ya yi nisa kuma akwai sanyi, saƙo a waya da zuwa da sassafe ya fi ƙwanƙwasa ƙofa.

TAMBAYA: Idan ya ƙi fa?

AMSA: Kada ka yi gardama, kada ka karanta masa doka a ƙofar gidansa. Ka gode masa, ka bar lambarka, ka ce in ya ci karo da ita ya taimaka ya kira. Kana iya tambaya ko shi zai duba da kansa. Daga nan ka kira jami'in kula da namun daji na yankin. A wurare da yawa ba shi da ikon tilasta wa mai fili ya buɗe maka, amma sa bakinsa kan sauya magana, kuma kiran ya zama shaida cewa ka yi iya ƙoƙarinka, abin da dokokin hana ɓarnar nama ke nema daga maharbi. In duk da haka ya tsaya a kan bakansa, barewar ta tafi. Abin da ciwo, mun sani. Amma satar shiga da dare na iya jawo maka tara ko rasa lasisi, kuma filaye da yawa yanzu cike suke da kyamarori a jikin bishiyoyi. Ƙin nasa ma sau da yawa wani maharbi ne ya jawo shi a baya, wanda ya bar ƙofa a buɗe ko ya fake da neman dabba yana leƙen fili.

TAMBAYA: An ba ni izini. Akwai abin da zan kiyaye a ciki?

AMSA: Izinin na bin jini ne, ba na farauta ba. Ko ƙaton namiji mai rassan ƙaho ya tsaya a gabanka, ba naka ba ne. Ka bi layin jinin kawai. Ƙofar shinge da ka samu a rufe ka rufe ta, wadda ka samu a buɗe ka bar ta a buɗe, domin wataƙila dabbobinsa ta nan suke zuwa ruwa. Wajen tsallake wayar shinge, ka bi ta kusa da turke ko ta ƙarƙashi, kada ka taka tsakiyarta ta saki. Mota ko babur ba sa shiga sai ya ce, musamman a gona mai shuka ko ƙasa mai laima. Ka tambayi inda za ka zubar da kayan ciki, ko ka ja ta zuwa ɓangarenka ka feɗe a can, domin tulin hanji kusa da gida ko mashayar dabbobi yana jawo karnuka da namun dawa. Da fita ka kwance duk ƙyallen da ka ɗaura. Ka sanar da shi ka fita, ka samu ko ba ka samu ba, sannan in ka samu ka kai masa nama mai kyau, yankakke kuma a naɗe.

TAMBAYA: Na raunata ta, ta tsallaka, maƙwabci ya harbe ta ta faɗi. Ta wa ce?

AMSA: Tsohuwar gardama ce. A shari'ar Pierson da Post ta 1805 a New York, wadda aka yi a kan yanyawa, kotu ta ce kora kaɗai ba ta mallaka wa mutum dabbar daji, amma ta nuna cewa wanda ya yi mata raunin kisa kuma bai daina bin ta ba yana da hujja. Al'adar maharba da yawa ta yi kusa da haka: wanda ya fara yin harbin kisa shi ne mai ita. Ku duba gawar tare. In harbinka a huhu ko hanta yake, mai adalci zai bar maka. In ƙafa ka karya ko fata ka shafa, tasa ce, kuma ya kyauta da ya ƙarasa ta. A aikace tana kwance a filinsa, don haka ladabinka ne zai yi maka aiki.

TAMBAYA: Yaya zan kauce wa wannan duka tun farko?

AMSA: Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata ɗaya ko biyu kafin lokacin farauta ka ziyarci duk masu filayen da ke kewaye, ku yi musayar lamba, ku amince cewa kowa zai iya bin dabbarsa bayan ya kira. Kada ka kafa wurin fakonka a kan iyaka yana kallon filin wani. In fili ya ba da dama ka ja ciki mita 150 ko fiye, domin ko harbin huhu mai kyau yana iya kai ta wannan nisan. In filin ƙarami ne, ka taƙaita kanka ga harbin kusa, dabba a tsaye ta ba ka gefe, ka saita bayan kafaɗa. Ka ajiye lambar mai kare mai bin jini tun yanzu. Yawancin jihohin Amurka sun halatta shi, galibi da sharaɗin yana ɗaure da igiya, Jamusawa kuwa suna da jinsunan karnuka na musamman don wannan aiki. In za ka kira shi, kada ku tattake wurin da neman ido tukuna, saboda takalmanku za su watsa ƙanshin ko'ina. Shi ma karen sai mai filin ya yarda kafin ya tsallaka, don haka ka ambace shi tun a kiran farko.