Garin Magani a Cikin Dusar 'Ya'yan Aladu

Tambaya: Ina kiwon aladu a kusa da Kafanchan. Duk lokacin da na yaye 'ya'yan sai zawo ya kama su, su rame. An ba ni shawarar in riƙa zuba garin tetirasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a cikin dusa kullum, wai zai tsayar da zawon kuma ya sa su girma da wuri, amma ɗana da ke karatun kiwon lafiya ya ce akwai haɗari. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya ba ka shawara bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa maka. Tun wajen 1950 masu bincike a Amurka suka lura cewa ɗan ƙaramin maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin abinci yana sa kaji da aladu su yi saurin girma, daga nan dabarar ta bazu a duniya.

Abin da kake gani bayan yaye yana da dalili. Ɗan aladen da aka raba da nono yana da mako uku ko huɗu, cikinsa bai fara fitar da isasshen ruwan tsamin da ke narkar da busasshen abinci ba. Yakan ƙi ci na kwana ɗaya ko biyu, bangon hanjinsa ya raunana, sannan yunwa ta sa ya afka wa dusa. Abin da bai narku ba ya zama abincin E. coli, wata ƙwayar cuta da ke cikin hanji, sai ka wayi gari ka ga ruwan kashi a bayansu, idanu sun faɗa. Garin magani yana danne wannan ƙwaya, kuma an lura cewa amfaninsa ya fi fitowa a ɗakin da ba shi da tsafta. Inda ake wanke ɗaki da komin abinci, bambancin girman ba shi da yawa.

Nan ne maganar ɗanka ta shigo. Maganin da ake bayarwa kaɗan-kaɗan kullum ba ya kashe ƙwayoyin hanji duka: masu rauni suna mutuwa, masu jurewa su samu fili su hayayyafa, har ma suna miƙa wa wasu ƙwayoyin da ba jinsinsu ba wannan hali na bijire wa magani. Suna fita ta kashi, su bi taki zuwa gona, su bi ruwan sama zuwa rijiya, su hau hannun mai share ɗaki da na mahauci. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka ba da rahoton E. coli daga aladu mai bijire wa kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa don majinyacin da sauran magunguna suka gaza a kansa, kuma a 2017 ƙasar ta hana zuba shi a abincin dabbobi don ƙarin girma. Suwidin ta haramta irin wannan amfani tun 1986, Tarayyar Turai kuma a 2006.

Ba na so in nuna maka cewa dainawa abu ne mai sauƙi. Da Denmak ta daina ba aladun da aka yaye irin wannan magani a cikin abinci, zawo ya ƙaru da farko, sai da makiyaya suka gyara yadda suke yaye da ciyarwa. Wasu sun dogara da sinadarin zink mai yawa, wanda yake tsayar da zawo, amma shi ma Tarayyar Turai ta hana shi a 2022, saboda yana taruwa a ƙasa kuma ana danganta shi da ƙaruwar ƙwayoyi masu bijire wa magani.

Shawarata ita ce ka tabbata kowane ɗa ya sha dakashin uwarsa a ranar haihuwa, ka fara sa musu ɗan abinci mai laushi suna tare da uwa domin ciki ya saba, kuma ka jinkirta yaye idan sun yi ƙanana. Ɗakin ya kasance busasshe mai ɗumi, musamman lokacin hunturu, da ruwan sha mai tsafta. Idan zawo ya ɓulla duk da haka, ka ware masu ciwon, ka kira likitan dabbobi ya zaɓi magani da adadin kwanaki, sannan ka tambaye shi tsawon lokacin da za ka jira kafin ka kai su kasuwa.