Fargabar kuloci ga mai koyon tuƙi

Malam, ka ce da zarar ka kama sitiyari ƙafarka takan ɗauki rawa, mota kuma ta mutu kafin ka motsa. Yawanci sakin kuloci da gaggawa ne yake kashe injin. Ka nemi filin Idi da yamma tare da mai koya maka, ka sa giya ɗaya, ka riƙa ɗaga ƙafar hagu sannu a hankali har ka ji motar tana neman tafiya. A nan za ka dakata, ka ɗan taɓa totur. Maimaita wannan shi ne yake kwantar da zuciya. A ganina, kada ka kusanci hanyar Wudil ranar Juma'a, lokacin da motocin shanu suke cika ta, sai hannunka ya faɗa.