Tankokina na tsayawa cik a tsakiyar yaƙi: amsoshin wannan mako

Wani ɗan'uwa daga Agege ya rubuto: "Ina buga Unity of Command II. Tankokina na kutsawa da gudu, amma bayan 'yan zagaye sai su tsaya cik, abokan gaba su yi musu ƙawanya. In ƙaro dakaru ne?"

Ɗan'uwa, kada ka ƙaro ko soja ɗaya. Yunwa ce ke damun waɗanda kake da su. A wannan wasan yaƙi na kwamfuta da ya fito a 2019, wanda ake bugawa zagaye-zagaye kamar dara, mai da harsashi suna shigowa ne daga tashar jiragen ruwa ko bakin taswira, su bi layin dogo, sannan motocin da ka ajiye a rumbu su raba su. Duk rundunar da ta wuce inda motocin ke kaiwa, ƙarfinta zai riƙa zubewa zagaye bayan zagaye, har ta kasa kai hari. Ka san yadda kasuwar Mile 12 ta Legas ke zama idan tirelolin Arewa suka maƙale a hanya: 'yan kasuwa na nan, kwanduna na nan, tumatir ne babu.

Saboda haka kafin ka taɓa kowace tanka, buɗe taswirar kayan masarufi ka ga inda iyakarka take. Mahaɗar layin dogo da gada sun fi wani babban gari da ke can gefe daraja. Rumbun da yaƙi ya bari a baya, kwashe motocinsa ka kai gaba. Idan an fasa gada, gyara ta tun kafin ka tsallaka da yawa. Kuma ka bar 'yan sojojin ƙasa a kan hanyar da ka biyo, domin kwamfutar da ke jan abokan gaba ta ƙware wajen lallaɓowa ta baya ta yanke ta. Ni a ganina wannan muguntar ce ma daɗin wasan. Kai ma yi mata haka. Da ka yi ta dukan runduna mai ƙarfi gaba da gaba, gara ka zagaye ta ka jira ta yi laushi. Abin da Sobiyet ta yi wa runduna ta 6 ta Jamus ke nan a Stalingrad: an rufe ta a Nuwamba 1942, kayan da ake kawowa ta sama suka gaza, ta miƙa wuya a Fabrairu 1943.

Wani kuma daga Idi-Araba ya ce ƙaninsa yake son saya wa wasa, yana tsakanin Panzer Corps 2 da War in the East 2, kuma kwamfutarsu tokumbo ce.

Yaya, saya masa Panzer Corps 2. War in the East 2, na 2021, sai wanda ya riga ya kamu da son abin: har gyaran layin dogo da lissafin motocin dako za ka yi, zagaye guda na iya cinye maka yammaci sukutum. Yaron da ke da jarrabawa a gabansa ba zai jure ba. Sai dai Panzer Corps 2 na son kwamfuta mai ɗan ƙarfi wajen hoto. Idan taku ta tsufa, Panzer Corps na farko, na 2011, ba ya wahalar da na'ura, kuma a cikinsa ma mai da harsashi na ƙarewa, zai koyi tsayawa ya sha mai.

Kada ka saya da gaggawa. Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, na yin babban rangwame a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. In kuma za ka leƙa Computer Village, kasuwar kwamfutoci da ke Ikeja, kuɗin ya tafi kan sabon batiri tukuna, don a Legas ɗauke wuta ya fi kashe wasa a kan rashin ƙarfin kwamfuta.